Ɗakin da Malam Nomau Ya Ƙi Rufa wa Asiri

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani garin da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da wasiƙa ke yin mako biyu a hanya kafin ta isa hannun mai ita. Sunansa Malam Nomau. Kada “Malam” ɗin ta ruɗe ku, ’yan’uwana mata, karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Mai kula da gidan haya ne. Shi ke shara, shi ke yashe kwata, shi ke riƙe da makullai, shi ke raba faɗa in an kaure a bakin famfo.

Gidan na wani attajiri ne, Alhaji Maiwada, ɗakuna bakwai a jere, bayan katangar wata kwalejin horon malamai. Ɗalibai mata ke zama a ciki, waɗanda ba su sami gado a cikin makaranta ba. Shi kuwa Malam Nomau da matarsa Hansai suna wani ɗan ɗaki da ke jikin zaure, kuma ɗakin nan shi ne rabin ladan aikinsa. Shekara goma sha ɗaya suna ciki. ’Ya’yansu biyu mata ne, duk sun yi aure a nesa. Ba gona, ba fili, ba ɗan da zai ce, “Baba, ku taho wurina.” Ku riƙe wannan da kyau, don kada an jima wata ta ce abin da ya yi mai sauƙi ne.

Ɗakuna shida lafiyarsu ƙalau. Na bakwai, na can ƙurya, shi ne mai larura. A kan tsohon kududdufi aka gina shi, wanda aka cike da shara. Da rani ba za ki ga komai ba. Amma da zarar damina ta kankama, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ƙarƙashin daɓe, bango ya jiƙe har gwiwa, baƙar funfuna ta haye shi, katifa ta yi tsami, littafi ya manne da ɗan’uwansa, mai kwana a ciki ta kama tarin da ba ya jin magani. Ɗalibai sun sa masa suna Rijiya. Duk sabuwar ɗalibar da ta zo farkon shekara, kafin ta sauke akwatinta ’yan garinsu sun riga sun raɗa mata, “Ko kyauta aka ba ki, ban da Rijiya.” Don haka ɗakin ya shekara biyu ba kowa sai gizo-gizo.

Ran nan da bazara, ana zafin nan mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, sai ga Alhaji Maiwada ya shigo da fara’arsa, yaron shagonsa bai ma biyo shi ba, shi da kansa ya ɗauko bokitin farar ƙasa.

Ya ce, “Nomau, albishirinka. Rijiyarku ta sami mai shiga.”

Malam Nomau ya ajiye tsintsiya, ya rusuna. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wace ce?”

“Wata baƙuwa ce, an maido ta daga wata makarantar. Ba ta san kowa ba, kowa bai san ta ba. Jibi Asabar za ta zo gani. Ka shafe bangon nan, shafi biyu, ya fito kamar ɗakin amarya.”

Malam Nomau ya dubi gabas. Ya ce, “Ranka ya daɗe, hadari ya fara haɗuwa.”

Alhaji ya yi dariya. “Ni ma ina da ido, Nomau. Na ce ka yi mata ƙarya? Allah ya kiyaye. Abin da ta tambaye ka, ka ba ta amsa gaskiya. Abin da ba ta tambaya ba, ba ruwanka. Iyaka ke nan.”

Ku saurara, don a nan tarkon yake. Bai ce ya yi ƙarya ba. Cewa ya yi ya yi shiru. Kuma kada ku ɗauka Alhajin nan wani dodo ne. Shekarar da Hansai ta kwanta ciwon ciki, shi ya sa ta a motarsa ya kai ta asibiti, ya tsaya har aka yi mata aiki. Kowace salla yana ɗinka wa Nomau riga. Mutum ne irinmu, wanda ya saba da wani ɗan ha’inci har ya daina ganinsa ha’inci.

Malam Nomau ya shafe bangon. Shafi biyu, kamar yadda aka ce. Yana shafawa baƙin yana ɓuya, yana shafawa zuciyarsa tana nauyi. Hansai ta kawo masa kunu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon fuskarsa. Shekara talatin da aure, ta san fuskar nan.

Ta ce, “Malam, na ga bakinka yana motsi. Don Allah ka riƙe shi.”

Ya ce, “Ni na ce wani abu?”

“Ba ka ce ba, amma za ka ce. Ɗakin nan naka ne? Kai ka gina shi a kan kududdufi? Ka dube ni, ka dubi kanka. In aka ce mu fita, a kan wa za mu sauka? A gidan surukai?”

Ya shanye kununsa, ya wanke buroshi. Kuma ni ban ga laifin Hansai ba. Wace ce a cikinmu ba za ta faɗi haka ba?

To, bari in gaya muku ko wace ce baƙuwar. Sunanta Suwaiba, shekarunta ashirin da uku, tana goye da ’yarta Muhibba mai wata bakwai. Ta yi shekara biyu tana karatu a wata kwalejin a gari mai nisa, sai aka rufe sashensu saboda rashin malamai, aka rarraba su. Takardar sauyin makarantarta ta maƙale a ofis, ba ta fito ba sai da zangon karatu ya raba tsakiya. Mijinta ma’aikacin ɗakin shan magani ne a wani ƙauye, ba a ba shi hutun rako ta ba. Ta iso, aka ce mata a ɗakunan kwanan makaranta ba a karɓar mai goyo. Aka kuma miƙa mata takarda, aka ce ta kawo ta da sa hannun mai gidan da za ta zauna kafin a tashi aiki ranar Litinin, in ba haka ba a ba wata gurbinta. Shekara biyu na karatu, duk sun rataya a kan ɗaki ɗaya. Kwananta takwas a ɗakin matan mai unguwa, kullum tana fita da goyo tana bin gidaje. Wani ya ce ya cika. Wani ya ce ba ya ba macen da mijinta ba ya gari. Wani ya ce kukan jariri zai hana ɗalibansa karatu.

Kun ga bambancin wanda ya zo farkon shekara da wanda aka maido tsakiya? Na farko yana da ’yan garinsu, yana da masu raɗa masa. Na biyu ba shi da kowa sai idonsa.

Asabar da hantsi ta yi sallama. Malam Nomau ya ga yarinya siririya, takalminta ya cinye ta gefe ɗaya, mayafinta ya jiƙe da gumi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi da “Baba”, ta gaida Hansai da “Inna”. Hansai ta karɓi goyon don ta huta.

Aka buɗe ɗaki. Fari fat, ƙamshin farar ƙasa na tashi. Suwaiba ta ce, “Alhamdu lillahi,” da irin muryar wanda ya sauke kaya.

Kada ku zaci sakarya ce. Ta yi duk tambayar mai hankali. Ta gwada sakata. Ta leƙa banɗaki. Ta tambaya ko maza na shigowa, ya ce iyakarsu zaure. Ta tambaya ko famfo na kawo ruwa, ya ce sau uku a mako. Sannan ta ce, “Baba, ɗan ja mini ƙofar nan.” Ta rufe taga, ɗaki ya yi duhu, ta ɗaga kai tana bin kwanon rufi da ido, layi layi.

Ta ce, “Haka mahaifiyata ta koya mini. In rana ba ta sami ƙofar shigowa ba, ruwa ma ba zai samu ba. Ban ga ko ɗigon haske ba. Baba, rufin nan ba ya yoyo ko?”

Ya ce, “Ba ya yoyo.”

Gaskiya ya faɗa. Rufin nan bai taɓa yoyo ba. Ta tambaya, ya amsa, aikinsa ya ƙare. Da ya tsaya nan, ba alƙalin da zai kama shi da ƙarya.

Sai dai a cikin shirun nan, daga bakin ƙofa inda Hansai ke tsaye, ya ji numfashin yarinyar. Wani ɗan sauti ne siriri, kamar ana busa ta cikin kara.

Ya ce, “’Yata, me ke damun ƙirjinta?”

Suwaiba ta ce, “Haka take tun tana wata uku. Likita ya ce in kiyaye ta da sanyi da danshi. Shi ya sa kuka ga na fi damuwa da rufi.”

Hansai ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi makullan da ke hannunsa. Ya tuna ɗan ɗakinsu na jikin zaure, da ƙusar da yake rataya hularsa, da wurin da Hansai ke jera kwanukanta. Ya tuna motar Alhaji a ƙofar asibiti. Sannan ya sake jin numfashin nan.

Ya ce, “Buɗe tagar, ’yata. Zo ki ga.”

Ya tsuguna a gindin bango, ya sa bakin makulli ya karce farar ƙasar da ya shafa da hannunsa. Ya karce kamar faɗin tafin hannu. Baƙi ya fito, baƙi ƙirin, da ɗan kore-kore.

“Ruwan ɗakin nan ba ta sama yake zuwa ba. Ta ƙasa yake fitowa. Nan da mako huɗu ko biyar, bangon nan zai jiƙe har nan.” Ya nuna gwiwarsa. “Wadda ta zauna ƙarshe babbar mace ce mai ƙarfi, sai da aka kai ta gida saboda tari. Ni na shafe shi shekaranjiya don kada ki gani. Ki yafe mini.”

Kuna tsammanin godiya ta yi? Ba ta yi ba. Zama ta yi daɓas a ƙasa ta fashe da kuka.

Ta ce, “Baba, me ya sa ka gaya mini? Gida ashirin da ɗaya na shiga! Jibi Litinin! Da ka yi shiru da yanzu an sa mini hannu na huta. Yanzu in na shiga, na shiga da sanina, in wani abu ya sami yarinyar nan ni na kashe ta. In ban shiga ba, karatuna ya tafi. Me ka yi mini ke nan?”

Ku ji fa. Wani lokaci gaskiya ba ta zuwa da na gode. Malam Nomau bai ji haushi ba. Ya bar ta ta yi kukanta. Sannan ya ce, “Ki ba ni yau da gobe. Na fi ki sanin unguwar nan.”

Bai rufe baki ba sai ga sallamar Alhaji, da alƙalami a aljihun gaba, ya zo sa hannu. Ya shigo yana cewa, “Yaya, ɗaliba, ɗaki ya yi?” Sai idonsa ya faɗa kan karcen. Fara’ar ta ɗauke.

“Wa ya yi wannan?”

Suwaiba ta share hawaye da sauri. Ta gane abin da ke shirin faruwa. Ta ce, “Alhaji, ni ce na…”

Malam Nomau ya ce, “A’a, ’yata. Ranka ya daɗe, ni ne.”

“Ta tambaye ka?”

“Ba ta tambaya ba.”

“To me na ce maka?”

“Ka ce abin da ba ta tambaya ba, ba ruwana. Ranka ya daɗe, na gwada. Wallahi na gwada, har shafi biyu na yi. Amma ba ta san abin da za ta tambaya ba ne. Baƙuwa ce. Ni kuwa na sani.”

Ɗalibai sun fara leƙowa daga ɗakunansu, wata da buroshi a baki, wata da littafi a hannu. Abin da ya fi ƙona wa Alhaji rai ke nan, a tona shi a gaban yara.

Ya ce, “Shekara goma sha ɗaya kana cin tuwona, Nomau. Yau kai ne mai tsoron Allah, ni ne ɓarawo?”

“Ban ce ba, ranka ya daɗe. Alherinka yana wuyana har in mutu. Ka sa ni yashe masai da hannu, zan yi. Wannan ɗin ne na kasa.”

Alhaji ya miƙa hannu. “Makullaina.”

Malam Nomau ya sa hannu biyu ya miƙa.

“Juma’a mai zuwa kada in same ku a zaurena.”

Ya juya ya fita. Sai Hansai ta gyara riƙon jaririyar a kafaɗa, ta ce, “To, madalla. Da safe mai neman ɗaki ɗaya ce. Yanzu mun zama uku, har da ’yar rakiya.” Wata ɗaliba ta kasa riƙe dariya, Suwaiba ma sai da ta murmusa cikin hawaye.

Malam Nomau ya sa takalminsa. Ya ce, “Mu je.”

Ranar nan har la’asar sakaliya suna tafiya, washegari Lahadi suka ɗora, Hansai ma ta biyo su don ta riƙa karɓar goyo. Kuma a nan Suwaiba ta ga yadda ake duba ɗaki. Ku ma ku koya, zai yi muku amfani. Shi ba ya fara shiga. Sai ya zagaya baya ya dubi gindin bango ta waje, ya ga inda kwata ta nufa. In ya shiga, sai ya rufe ido ya shaƙi iska. Ya ɗaga tabarma ya sa tafin hannu a kusurwa. In bango ya cika sabon fenti a gidan da ko ƙofarsa ba a gyara ba, sai ya tambaya me ake ɓoyewa. Sannan ba ya tambayar mai gida, maƙwabciya yake tambaya, “Baiwar Allah, in an yi ruwan sama, ina kuke shanya?”

Sun sami ɗaki biyu da aka yarda a ba ta. Ɗaya yana jikin injin niƙa, ƙura har cikin hanci. Ɗaya ƙofarsa na kallon wurin da samari ke zama. Suwaiba ta ce, “Baba, ko wanne ne, na gaji.” Ya ce, “Da ’yar cikina ce ba zan sa ta a nan ba, ke ma ba zan sa ki ba.”

Bayan azahar suka hau tudu, can ƙarshen unguwa, gidan wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Iya Dije. Gidan ƙasa ne, amma a kan fako yake, ruwa ba ya kwana. Tana da ɗaki ɗaya da ɗanta ya bari ya koma birni. Shekara da shekaru ana roƙonta haya tana ƙi.

Suka yi sallama, ta fito tana karkaɗe hannu. Ta ce, “Nomau mai karce bango! Labarinka ya riga ka hawa tudu. Ashe tsufa bai hana ka rigima ba? Hansai, sannu da haƙuri da wannan mutumin.”

Hansai ta ce, “Iya, ai na saba.”

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Kafin ya buɗe baki Iya ta ce, “Na san abin da ya kawo ku. Ɗakin yana nan. Ku kwaso kayanku ku shigo, kai da Hansai. Ni ma na gaji da zama ni kaɗai.”

Malam Nomau ya ce, “Iya, ba don kaina na zo ba. Don wannan yarinyar ce.”

Iya ta dubi Suwaiba sama da ƙasa. “’Yar makaranta? A’a. Rediyo, ƙawaye, dariya har titi. Ni kai na sani, ita ban san ta ba. Ɗaki ɗaya ne, kuma na faɗi wanda zan ba.”

’Yan’uwa, ga jarrabawa ta biyu, kuma a ganina ta fi ta farko. Jiya ya rasa ɗaki saboda gaskiya. Yau Allah ya kawo masa wani, busasshe, a hannun mai ƙaunarsa. Wa zai zarge shi in ya karɓa? Ai ma sai a ce sakayya ce.

Amma ku ga abin da ya yi. Bai yi saurin cewa “a ba ta” don a yabe shi ba. Ya san ɗakin nan ba haƙƙinsa ne shi kaɗai ba. Sai ya juya ya dubi matarsa. Ya ce, “Hansai, jiya na yanke ban tambaye ki ba. Yau ba zan yi haka ba. Abin da kika ce shi za a yi.”

Hansai ta sunkuya ta dubi yarinyar. Muhibba tana barci a cinyarta, tana wannan numfashin nata. Sannan Hansai ta dubi ƙofar ɗakin, ƙofa mai kyau, har da ’yar rumfa a gaba inda mutum zai jera kwanuka.

Ta ce, “Kai dai ka iya jefa mutum a tsaka mai wuya.” Ta ja tsaki. “Iya, ki ba ta. Mu ƙirjinmu ya tsufa, ya san damina.”

Iya Dije ta ce, “Na ce ban san ta ba.”

Malam Nomau ya ce, “Ki ba ta a kan sanin da kika yi mini. Kwana biyu ina tafiya da ita, ban ga ta wuce lokacin salla ba, ban ji ta zagi ko ɗaya cikin waɗanda suka kore ta ba. In ta yi miki ba daidai ba, ni za ki kira.”

Iya ta nuna Suwaiba da yatsa. “Ke! Kina jin warin daddawa?”

“Iya, da ita aka raine ni.”

“In kin tafi aji, wa zai riƙe wannan?”

Suwaiba ta sunkuyar da kai. “Da ita nake shiga.”

“Da ita kike shiga! Ku ji mini shashanci. Ki bar mini ita nan. Kawo takardar taki. Ni ban iya alƙalami ba, sai dai in dangwala.”

Aka shafa wa babban yatsan Iya tawada, ta dangwala, mai unguwa ya sa hannu a ƙasa. Litinin da sassafe Suwaiba ta miƙa takardarta, aka rubuta sunanta a aji.

Ranar Juma’a Malam Nomau da Hansai suka ɗaure kayansu. Wani kafinta ya ba su bayan shagonsa, wurin da yake tara katako. Ba zan ƙara wa labarin nan gishiri in ce muku Alhaji ya dawo yana ba da haƙuri ba. Bai dawo ba. Ba zan ce Nomau ya yi arziki ba. Bai yi ba. Dako ya koma yi a bakin kasuwa, da furfurarsa. Damina biyu suka yi a bayan shagon nan, suna tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo, Hansai na mita, shi yana ba ta haƙuri. Wata rana ta tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, “Ina kewar zauren. Amma ina barci.”

Muhibba kuwa ta yi daminar nan biyu a kan tudu, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta yi ƙiba har Iya na cewa ta fi ƙarfin bayanta.

Ranar da Suwaiba ta gama jarrabawar ƙarshe, ba ta fara haɗa akwatinta ba. Ta share ɗakin, ta wanke daɓe, ta je ta durƙusa gaban Iya Dije suka yi magana. Sannan ta gangara shagon kafinta. Ta naɗa gammo, ta ɗora kwandon kwanukan Hansai a kanta.

Hansai ta ce, “Ke, ina za ki kai mini kaya?”

Ta ce, “Ɗakinku, Inna. Aro kuka ba ni, na gama.”

A ɗakin nan Malam Nomau ya ƙare kwanakinsa. Allah ya ji ƙansa.

To, ’yan’uwana mata, ga abin da nake so mu tafi da shi gida. Shiru a kan aibin da zai cuci wani, ha’inci ne, ko da duk kalmar da ta fito bakinki gaskiya ce. Kada mu ruɗi kanmu da cewa “ai ba a tambaye ni ba”. Baƙo bai san abin da zai tambaya ba, shi ya sa yake baƙo.

Cikinmu nan akwai masu ɗakin haya a gidajen mazajensu. Akwai masu sayar da atamfa da suka san wadda ke zuba. Akwai wadda aka zo tambayarta halin wata makarantar, ko wata unguwar, ko wata mai raino, ta san abin da ta sani, ta ce, “Ba ruwana.” Da ruwanki. Yaran nan da ke kan cinyoyinmu yau, gobe za su ɗauki akwati su tafi garin da ba mu da kowa. Za mu koya musu duk dabarar da muka sani, kuma duk da haka akwai abin da ba za su san su tambaya ba. Ranar nan ba mu da abin da zai tsare su sai Allah, sai kuma wani bawansa da zai ƙi yin shiru. In muna son ’ya’yanmu su gamu da irinsa a can, to mu zama irinsa ga ’ya’yan wasu a nan, ko da zai ci mana wani abu, don ya kan ci.

In kin san wata baƙuwar ɗaliba a unguwarku da ke yawon neman ɗaki, kada ki tsaya a “Allah ya sa a dace”. Sa mayafinki ki raka ta.

Allah ya ba mu ƙarfin faɗin abin da muka sani a lokacin da shiru ya fi mana sauƙi. Ya tsare mana ’ya’yanmu a inda idonmu bai kai ba. Amin.